Taguwar Ajidan Barmu

Ku da kuke zama a bakin shagon nan kuna cewa ɗinkin kaki ba aiki ba ne, wai ba surfani, ba cin wuya, miƙaƙƙen layi ne kawai daga sama har ƙasa, ku matso in ba ku labarin wandon farko da aka sa a hannuna. Sunana Iliya, amma a Magariya in ba ka ce Ilu Telan Jandarma ba, ba mai nuna maka ƙofata.

Wandon na wani gardi ne, cikin masu kakin bariki. A lokacin ina ɗan koyo a wurin Maigida Ɗan Juma, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar bariki. Gardin ya kai yadinsa wurin wani telan manyan riguna da ya yi suna a cikin gari, aka ɗinka masa wando mai kyan gani. Ranar da ya fara sa shi, ana tsaye wurin ɗaga tuta, aka ce su tsuguna. Hantsar ta rabu biyu a gaban kowa. Ya iso rumfarmu yana tafiya a karkace, hula a bayansa. Maigida bai yi dariya ba. Ya ba shi zane ya ɗaura, ya miƙo mini wandon ya ce, "Farke shi duka, zare bayan zare. Idan ka gama ka gaya mini abin da ya kashe shi."

Na yini ina farkewa. Da la'asar na ce, "Maigida, ɗinkin yana da kyau, amma an yi shi ne don mai zama a tabarma."

Ya ce, "To ka fara gani."

Wandon farar hula tafiya yake yi ya zauna. Na mai kaki gudu yake yi, ya tsuguna, ya ɗare mota, ya ja ciki cikin ƙarangiya. Saboda haka hantsa sau biyu ake bin ta, a bar mata sarari, gwiwa a ninka mata ƙyalle, bakin aljihu a ɗaure shi da baya da gaba har sai ya yi tauri. Allurar da kuke ɗinka mayafi da ita ba ta shiga wannan yadi, tana taɓa mahaɗa za ta karye. Inda ƙyalle huɗu suka haɗu, Maigida yakan sa ƴar guduma ya daddaka wurin, ya goga masa busasshen sabulu, sannan allura ta ratsa. Sabulun nan kuma shi muke shafawa ta cikin karin wando kafin a ɗora dutsen guga, karin ya tsaya kamar bakin wuƙa har a yi sati. Almakashinsa kuwa ko matarsa ba ta taɓawa. Ya taɓa kama ni na yanke takarda da shi, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ranar wata kasuwa innata ta zo daga Dantchiao ta gan ni. Ta hango kaki jere a igiya, sai ta tsaya a tsallaken hanya ta ƙi ƙarasowa. Ni na tsallaka na same ta. Ta ce, "Iliya, duk sana'ar duniya ka rasa ta yi sai yi wa waɗannan sutura?" Ban ga laifinta ba. A tasowarsu, in aka hango mai kaki ya nufo ƙauye, maza ta bayan danga suke fita, mata su kwashe kaji. Ko haraji ne, ko kamu. Ba wanda ya san sunan ɗayansu, kuma ba mai tambaya.

A rumfar nan na san Barmu. Ya zo yana sabon jandarma, siriri kamar kara, ɗan wani ƙauye a ƙasar Dungas inda iyayensa ke noma suna kuma kiwon shanu. Murya ce da shi kamar ta mutum uku, amma in ya zauna jiran ɗinki hirar shanu kawai yake yi. Galonsa na farko, wato alamar muƙami da ake ɗinkawa a kaki, a leda ya kawo mini shi, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce, "Tela, kada ya karkace. In ya karkace ni da kai ne." Na ɗora, na auna daga kafaɗa, na kafa da allura, na sa ya tsaya ya saki hannu, sannan na ɗinke. Duk galon da ya samu daga nan har ya kai ajidan, hannuna ne ya sa shi.

Abin da ba ku sani ba, tela ne yake fara sanin an ƙara wa mutum girma, shi ne kuma yake fara sanin an rage masa. Wanda aka rage wa ba ya zuwa da hayaniya. Zai ajiye taguwar a ninke ya ce a cire. In ka cire galo, ramukan allura suna nan suna faɗa wa kowa abin da ya faru. Sai ka jiƙa wurin, ka kankare da farce a hankali har zaren yadin ya koma mazauninsa, ka bi da guga mai zafi. Ba ka tambaya, ba ka kuma faɗa wa kowa. Wanda bai iya riƙe bakinsa ba, ya je ya ɗinka kayan sallah.

Bayan rasuwar Maigida rumfar ta dawo hannuna. Na yi aure, na sayi keken ɗinki na biyu, aiki yana tafiya. Sai abubuwa suka fara canjawa a bariki. Aka kawo sababbin motoci, aka kawo na'urorin magana, ana ta kwasar mutane zuwa Damagaram horo. Barmu ya dawo daga wani horon yana ƙorafi, wai an zaunar da su a benci kamar ƴan lakwal, yaran makarantar boko, ana koya musu yadda za su yi wa baƙauye magana. Ya ce, "Ni za a koya wa magana da baƙauye? To ni ɗan ina ne?" Tsohon kaki mai launi ɗaya ma aka ce an daina shi, sai mai dabbare-dabbare.

Shekarar da ta kusa tashina daga sana'a ita ce wadda doka ta fito cewa ba telan gari da zai sake ɗinka tenu, wato kayan aikin mai kaki, kuma ba ɗan kasuwar da zai sayar da yadin. Komai a ɗinke zai riƙa zuwa daga sama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasu ɓarayi sun fara sa kaki suna tare hanya, suna kwashe dabbobin masu dawowa daga kasuwa, mutane suka kasa bambance na gwamnati da na daji. Dokar tana da gaskiyarta, amma tuwon gidana ta ɗauke. Damina kuma ba ta yi kyau ba a shekarar, wanda bai cika rumbu ba ba ya ɗinka sabuwar riga. Na sayar da keke ɗaya. Ɗayan na riƙa kwance kansa ina ɗaurawa a bayan babur, ina bin kasuwanni, Guci yau, Sassumbrum gobe, ina yi wa mutane maho a gindin bishiya.

A kasuwar Sassumbrum wasu mutum biyu suka tsuguna gabana. Tsafta gare su, magana a hankali. Ɗayan ya buɗe bakin buhu kaɗan, na hango bandir na yadi mai dabbare-dabbare, sabo fil. Ya ce, "An ce kai ne gwanin wannan. Muna son na mutum da yawa, kuma ba za mu yi ciniki ba, abin da ka faɗa shi ne."

A gida ranar nan hatsin da ya rage bai kai sati ba. Na ce, "Ina masu jikin? Ni ba na ɗinka wa wanda ban auna ba."

Ya ce, "Ka yi matsakaici kawai."

Na ce, "Ku kawo su bakin bariki a Magariya, a can metir ɗina yake."

Suka dubi juna, suka ɗaure buhu, suka shige cikin kasuwa. Ban jira la'asar ba na ɗaure kekena. Da na isa Magariya wurin Barmu na fara tsayawa, na gaya masa kamanninsu da irin babur ɗinsu. Ya saurara har na gama, ya shiga ciki da sauri. Abin da ya biyo baya ban sani ba, ba a gaya wa tela irin wannan. Washegari dai matarsa ta aiko wa tawa da kwanon gero, ta ce na gonar surukanta ne, a ɗanɗana.

Abin da ya dawo da ni shi ne jikin ɗan Adam. Kayan da aka kawo a ɗinke awo uku ne, ƙarami da matsakaici da babba, Allah kuwa bai yi mutane awo uku ba. Sababbin yara hannun taguwa ya wuce yatsunsu. Barmu, wanda zuwa lokacin ya ajiye tumbi na gaske, babbar ta shige shi a ciki amma kafaɗar ta sauko masa har damtse. Kumandan ya duba mutanensa a layi, ya aika a kira ni. Ya ce, "Malam Ilu, ɗinka sabo an hana, amma ba a hana gyara ba. Za ka yi aikin a cikin bariki, ƙyalle ko tafin hannu ba ya fita." Aka ba ni inuwa kusa da ma'ajiyar kaya. Gyara ya fi ɗinka sabo wuya, ku riƙe wannan. Sabo kai ke da iko da shi, gyara kuwa sai ka bi tunanin wani telan da ba ka taɓa gani ba.

A inuwar nan aka kawo mini aikin suna. Sabon tsari ya ce kowane mai kaki ya ɗauki sunansa a ƙirji, a ɗan siririn ƙyalle saman aljihu. Ni ban yi lakwal ba, allo na yi, sai da na koyi haruffan nasara ɗaya bayan ɗaya da alli kafin in bi su da zare. Barmu ya ƙi kawo taguwarsa har sai da aka matsa. Ya ce, "Tun ina saurayi Ajidan ko Jandarma ake ce mini. Yanzu kowace mai tallan fura ta san sunan da ubana ya raɗa mini?"

Na ce, "Ajidan, ai sunan ba na sata ba ne."

Bai fi wata biyu ba wani dattijo mai shanu, Arɗo Jaɓɓo, ya zo daga wajen Guci. Bai nufi ofis ba, wurina ya tsaya, don ya ga farar hula. Ya ce an tare ƴaƴansa a hanya an karɓe musu bijimi. Na ce ya shiga ya faɗa. Ya ce, "Da ba zan zo ba, wa ke kai ƙarar kaki wurin kaki? Amma yaran sun duba, sun ce waɗancan ba suna a ƙirjinsu. Na ce to ba na nan ba ne." Barmu yana tsaye yana ji. Shi ya kama hannun dattijon ya shiga da shi, yana tambayarsa launin bijimin da yanayin ƙahonsa. Daga ranar ban sake jin ƙorafin suna a bakinsa ba.

Sannan aka kawo mata masu kaki. Ta farko da aka turo mana Rakiya ce, yarinya mai natsuwa, mijinta malamin lakwal. Tenu ɗin da aka ba ta yankan maza ne, ya matse inda bai kamata ba, ya yi yawa inda ba a buƙata. Ta tsaya gabana, ni ma na tsaya da metir a hannu, ba wanda ya san yadda za a yi. Ta ce, "Baba, ba mace a gidanka?" Haka matata Hadiza ta shigo sana'ar. Ita ke awo a bayan labule tana faɗo mini, ni ina zanawa da alli. Barmu kuwa ya ce shi dai ya ga ƙarshen zamani, bindiga a hannun mai lalle.

Aka ba Rakiya tebur a ɗan ɗakin gefe, ita ke sauraron mata. Kafin zuwanta, mace ba ta taka ƙofar nan sai an jawo ta. Bayan zuwanta, ranar kasuwa sai ka ga mata zaune a gindin dogon yaro da goyo da ƙwarya, suna jiran "yarinyar nan mai kaki". A cikinsu akwai wata Hajo, mijinta ya rasu, ƴan'uwansa suka kore shanun marayu zuwa wani gari. In namiji ya tambaye ta sai ta ja mayafi ta rufe baki. Rakiya kaɗai take yi wa magana, ita ma a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan.

Ana cikin maganar Hajo ciki ya bayyana a jikin Rakiya. Mun saki duk abin da zai saku, Hadiza ta matsar da maɓallai har bakin ƙyalle, wata rana dai taguwa ta ƙi haɗuwa. Waɗanda suka tsara kayan sun tuna da mata amma sun manta mata suna haihuwa. Doka kuma ta ce ba mai zama a teburin nan sai cikin tenu. Kumandan ya rubuta sama, aka ce a jira. Ya ce in ba yadda za a yi, sai ta koma gida tun yanzu har ta sauka.

Ta zo inuwata ta zauna a benci. Ta ce, "Baba, in na tafi, Hajo ba za ta sake zuwa ba. Ni lafiyata ƙalau, zama ne kawai da sauraro. Ba dabara?"

Na ce, "Dabara tana nan, ƴata, ƙyalle ne babu. Ba a sayar da shi, na ma'ajiya kuma a ƙirge yake."

Barmu yana gefe, ya kawo yadi in ɗinka masa kayan gida, don saura kaɗan ya ajiye aiki. Ya tashi ya tafi. Jim kaɗan na hango shi ya shiga ofishin kumandan. Da ya fito sai ya wuce gidansa, ya dawo da taguwa a hannu, ya jefa mini a kan keke. Ya ce, "Tela, kumandan ya yarda. Tawa ce, dama mayarwa zan yi. Yanka." Ya juya ga Rakiya ya ce, "Ke kuma kada ki yi mini godiya. Cikina ya yi shekaru a cikinta bai haifi komai ba, gara a ba mai abin kirki."

Ta rufe fuska tana dariya. Ta ce, "Ajidan, ai na zaci ba ka son mai lalle a bariki."

Ya ce, "Har yanzu ban ce ina so ba. Shanun marayu nake ji."

Aikin nan shi ne mafi wuya da na yi. Taguwar Barmu ta sha rana da wanki, ta Rakiya sabuwa ce, launin bai zo ɗaya ba. Na farke tasa gaba ɗaya na shimfiɗa, na nemi inda rana ba ta ci ba, ƙarƙashin hammata da cikin ninkin baya. Daga nan na fitar da ƙyalle biyu masu faɗi a ƙasa, tsukakku a sama. Na buɗe gefunan ta Rakiya tun daga hammata, na sa su, ina juyawa har dabbaren wannan ya haɗu da na wancan, don kada ido ya kama mahaɗar. Gaban kuma dole ya fi bayan tsawo, in ba haka ba ciki zai ɗage shi. Hadiza ce ta gaya mini wannan, ni ban taɓa ɗaukar ciki ba. Ita ta ce a sa ƴar igiya ta ciki a kowane gefe, a riƙa sassautawa wata bayan wata. Kafaɗa da aljihu da suna ban taɓa su ba. Sunan Barmu kuwa na cire shi a hankali na ba shi a hannu, ya sa a aljihu bai duba ba.

Rakiya ta zauna a teburinta har watan haihuwa. Hajo ta gama faɗar maganarta, aka kira dangin mijin gaban alƙali, shanun suka dawo. Ranar da aka kawo su ta biyo da su ta ƙofar bariki, ta tsaya tana nuna wa Rakiya kowace da sunanta.

Da Rakiya ta yi arba'in ta koma tenu ɗinta na da. Ta kawo mini taguwar a wanke a goge, ta ce, "Baba, cire sunana, ka bar wurin. Wata na zuwa." Haka kuwa aka yi. Yanzu mata sun ƙaru a bariki, taguwar tana rataye a ma'ajiya, wadda ta buƙata sai ta karɓa in ɗinka mata sunanta. Har ta samu suna a bakinsu. In kuka ji wata ta ce wa ƴar'uwarta, "Wance ta karɓi Barmu," to ku fara shirin zuwa suna.

Shi kuwa yana ƙauyensu cikin shanunsa, tumbin ma ya tafi. Duk ranar da ya shigo Magariya sai ya tsaya nan, ya zauna a bencin da kuke kai. Ba ya tambayar kumandan, ba ya tambayar sababbin motoci. In mun gama gaisawa sai ya sunkuyo ya rage murya, abin da bai taɓa yi ba yana cikin kaki, ya ce, "Tela, wa ke cikin rigata yanzu?"

In na faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya. Ka gaya mata ta riƙa wanke ta da ruwan sanyi, ba ta son zafi."